Cefanen Malam Cindo da Jikarsa

Shekara talatin da ɗaya Malam Cindo ya yi yana zaune a bayan jirgin ruwa, hannunsa a kan inji, yana ƙetarar da mutane daga Warra zuwa wancan gaci, ya kuma dawo da wasu. Sunansa na yanka Abdulrahman, amma da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu, shi ya sa Cindo ya bi shi tun yana goye. Ya ɗauki amare, ya ɗauki awaki, ya ɗauki buhunan albasa da shinkafa, sau biyu ma an haihu a cikin jirginsa. Ruwa bai taɓa cin masa fasinja ba. Inji ne dai ya yi masa ɓarna: ƙarar da ya sha ta kashe masa kunnen dama gaba ɗaya, na hagun kuma sai an matso an ɗaga murya.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, ya miƙa wa ɗansa Jamilu jirgin, ya dawo gida ya zauna. Wata guda bai cika ba matarsa Zulai'atu, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta gaji da ganinsa a tsakar gida. Ya gyara ƙyauren da bai lalace ba. Ya kwance mata rediyo ya kasa mayarwa. Sai ta ɗora masa cefane, don dai ya riƙa fita.

Nan ma ba a tsira ba. Ta ce kanwa, ya kawo kanya. Ranar da ta ce tafarnuwa, sai ga shi ya shigo da sabuwar tabarma a kafaɗa, yana yabon saƙarta. Inna ta dube shi, ta dubi tabarmar, ta shimfiɗa ta zauna a kai.

A lokacin ne aka kawo musu Mufida, 'yar Jamilu, saboda uwarta ta sake haihuwa. Shekararta biyu da wata bakwai, kuma duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta, sau goma. Wata ranar kasuwa ta riƙe gefen rigar kakanta ta ƙi saki. Don a samu lafiya ya ɗora ta a wuya suka fita. Suna shiga layin masu kayan miya sai ya ji wata 'yar murya daidai kunnensa na hagu tana rerawa: "Kuka, daddawa, tattasai. Kuka, daddawa, tattasai." Ranar ce karon farko da ya koma gida da abin da aka aike shi, babu ragi babu ƙari.

Daga nan Inna ta daina wahalar da maƙogwaronta. Sai ta zaunar da Mufida, ta jera mata kayan sau uku kamar waƙa, ta sa mata takalmi, ta ce su je.

Cefanen da bai wuce rabin awa ba ya koma awa biyu. Mufida sai ta sauka ta gaida tarwaɗa a cikin baho, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ciji tumatir tun ba a yi ciniki ba. Akwai wata Bafulatana mai nono da ba a wuce ta sai an kurɓi ludayi guda. Takalmin ƙafar hagu kuwa ya san kowane lungu na kasuwar, domin kusan kullum sai an koma nemansa. Malam Cindo bai damu ba. Tun da kunnensa ya yi nauyi ya rage shiga hira, don ya gaji da cewa "Na'am?" ana maimaita masa. Yanzu kuwa mutane da Mufida suke magana, ita kuma ta juya ta zuba masa a kunne, wani lokaci daidai, wani lokaci yadda ta ga dama.

Wata safiya Inna ta gama jera kaya, ta ƙara da magana ƙasa-ƙasa tana ɗaure bakin jaka: "Daddawa kam ban da wurin Mariyamu. Waccan da anka kawo rannan duk toka ce, ko wari babu." Malam Cindo bai ji ba. Mufida ta ji.

Mariyamu kuwa ba baƙuwa ba ce gare shi. Shekara fiye da ashirin yana ƙetaro da ita da kwandunanta duk ranar kasuwa, kafin ta dawo Warra da zama wurin ɗanta. Saboda haka da suka zo rumfarta ya tsaya, aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi mutanen gida. Ya nuna daddawa. Mufida ta dafa hularsa, ta sunkuyo, ta faɗa da ƙarfin da ta saba yi wa kurma:

"Baba, Inna ta ce ban da Mariyamu. Toka ce. Ko wari babu."

Mai gishirin da ke gefe ta juya baya tana gyara buhun da ba ya bukatar gyara. Malam Cindo ya ji sarai, amma ya yi abin da ya saba cetonsa. Ya karkatar da kai ya ce, "Mi tac ce?"

Mufida ta maimaita, ta ƙara murya.

Dariya ta ƙwace wa Mariyamu har ta dafa ƙasa. Ta ce, "Malam, bar wahal da ɗiyar mutane, kowa ya ji." Ta ɗauki daddawa guda ta ɓare ta, ta miƙa wa Mufida a hanci. Yarinyar ta yamutsa fuska ta kawar da kai.

"To, ke dai shaida ce akwai wari," in ji Mariyamu. Ta ƙunsa guda biyar a ganye ta jefa a jakarsa, ta ƙi karɓar komai. "Kai ma Zulai. Ta kaɗa miya da ita, in toka ce ta aiko min da tukunyar in wanke."

A hanya Malam Cindo ya yi ta lallashin Mufida. Ya saya mata ƙuli-ƙuli, ya ce abin da aka yi a kasuwa na kasuwa ne, ba a kai shi gida. Ta gyaɗa kai tana tauna. Suna yin sallama ta zame daga wuyansa ta ruga: "Inna, Mariyamu ta ce ki kawo tukunya."

Dole aka warware zance. Inna ta riƙe baki, ta ce yau ta ga abin kunya da tsufanta. Amma da ta kwance ganyen ta shinshina, sai ta tsaya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ragowar ta rannan, ta jera su a faifai. Wannan baƙa ce wuluk mai laushi, waccan kuwa fara-fara, busasshiya. Ta matso kunnensa na hagu.

"Malam, waccan wurin wa kas sayo ta?"

Ya ɗan daɗe yana kallon faifan. Gaskiyar ita ce rannan rana ta yi zafi, Mufida ta yi barci a wuyansa, gwiwa kuma ta hana shi ƙarasawa can ciki. Sai ya saya wurin wata baƙuwa a bakin hanya. Da Inna ta tambaya ko ta Mariyamu ce, bai ji tambayar ba, ya ce i, don i ta fi saurin kashe magana.

Ya faɗa mata haka, kansa a ƙasa. Inna ta ce, "Wato ni niy yi ma baiwar Allah ƙazafi, kai kuma kana ta cin miya."

Da la'asar ta yafa mayafi, ta zuba miyar kuka a kwanon sha mai murfi, ta nufi gidan ɗan Mariyamu da kanta. Ta ce wa Malam Cindo ya taso ya raka ta, tunda shi ya haɗa. Mufida aka bari wurin maƙwabta, bisa shawarar kowa. Can suka tarar da Mariyamu tana shanya kalwa. Ta ɗanɗani miyar, ta ce gishiri ya yi kaɗan, Inna ta ce hawan jinin Malam ne ya jawo, daga nan hira ta koma kan magani da asibiti da waɗanda suka sani a tsallake. Sai da aka kira magariba suka taso.

Har yanzu Malam Cindo ne ke cefanen gidan. Mufida ta yi nauyi, ba ta hawa wuya, sai dai ta riƙe masa yatsa na shida su tafi a hankali, shi saboda gwiwa, ita saboda kallo. Kwanan baya Jamilu ya kawo maganar sa ta makaranta in an koma hutu. Malam Cindo ya ce babu laifi, karatu ai dole ne, sannan ya tambaya ko ana zuwa har ranar kasuwa. Jamilu ya ce ana zuwa. Tsohon ya karkatar da kai, ya ce bai ji ba.