Ranar da Sawu Ya Ɓace wa Malam

Duk wanda ya san maigidana a Kaya da kewaye ya san ba ya tafiya da kai sama. Ka gaishe shi, ya amsa har da tambayar gida da gajiya, amma idonsa na kan ƙafarka. Ni ban iya rubutu ba. Ɗiyata Rabi ce ke rubuta wannan, ina faɗi ina share hawaye, tana jirana. Sunansa ban kama shi ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba. Ku Maharbi kuke ce masa, ni Malam.

Tun da aka kawo ni amarya daga Garbadu ya kafa mini doka: ba a share tsakar gida sai ya fito ya duba. Na ɗauka wani asirin maharba ne, ashe bin diddigi ne kawai. Ya zagaya hannu a baya, ya ce akuyar maƙwabta ta shigo ta bayan rumbu, kuma maƙwabciyarmu Inna Kulu ta zo jiya bayan fitarsa. Na tambaye shi wa ya faɗa masa. Ya ce ƙafarta ta hagu ja take yi, kuma ta shigo a hankali ta fita da sauri, ke nan aron gishiri ta zo, an kuwa ba ta.

"'Yar Garbadu," ya ce, "gishirin ga ba daga sama yake zubowa ba."

Farautar gayya ta karnuka da ganguna bai taɓa shigarta ba, ya ce wannan biki ne. Shi sai an yi ruwa, gari ya waye, ƙasa ta yi laushi, tsofaffin sawu sun wanke. Abin da ya taka bayan ruwan, shi kaɗai za ka gani. Sai ya fita ba takalmi, da tsohuwar bindigarsa da ƙullin toka a aljihu. Tokar yake saki kaɗan-kaɗan ya ga inda iska ta nufa, ya bi ta gefen da barewa ba za ta ji warinsa ba. Shi ya sa ya tsani turare. Ranar ɗaurin auren Rabi wani abokin ango ya fesa masa, don girmamawa. Malam ya baro taron, ya tuɓe riga ya jiƙa, ya zauna a zaure fuska a murtuke. Ya ce yanzu barewar da ke Bakura ma ta san yana nan tafe.

Da na haifi autana ya yi mini alkawarin farfesun barewa. Mata suka yi jajjage suka ɗora tukunya. Tun asuba ya fita, sai la'asar ya dawo hannu biyu. Ya ce ya cim mata, har ya ɗaga bindiga, sai ya ga ƙananan sawu a gefen nata.

"Ke kin haihu ana miki barka, ita ta haihu in harbe ta?"

Tuwo da miyar kuka muka ci. Amma ko ran nan sai da ya yi mana kirarin da ya saba, wai nama yakan tsere masa, sawu kuwa bai taɓa ɓace masa ba. Bai tara dukiya ba, bai je Makka ba. Wannan maganar ita ce abin da ya mallaka, kuma har Maradun an san gaskiya ce.

Sai zamani ya lalace, daji ya koma na masu bindiga, Malam ya rataye tasa. Wata damina aka kore shanun huɗa na wani maƙwabcinmu. An yi ruwa kafin satar, sawu a fili. Samarin gari suka zo ƙofarmu da bindigogi da adduna, idanu jajur, suka ce ya shige gaba. Na riƙe masa riga, ya cire hannuna ya tafi.

Kafin azahar suka dawo. Wai sun bi har bakin rafi, ya yi ta zagaye, ya tsuguna, ya miƙe, ya ce sawu ya ɓace.

Daga ran nan sunansa ya canza. A majalisa, a kasuwar Mafara, sai ka ji ana "Sawu-ya-ɓace, ina kwana?" Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce tsoro. Mai shanun ya daina gaishe mu. Ni kaina na sa shi gaba, na ce mutumin da ke gane aron gishiri a tsakar gida, bijimai biyu su ɓace masa a cikin laka? Ya ce ido ne ya raunana, in kawo masa fura.

Shekara ta kewayo mijin Rabi ya zo gaisuwa, ya nuna masa wani abu a waya don ya faranta masa rai. Wasu Turawa ne a ƙasarsu ta sanyi, ƙasa duk ta rufe da dusar ƙanƙara fara fat, suna bin wata dabba mai kama da barewa a ƙafa. Malam ya kawo wayar dab da hancinsa. Ya ce wannan ai makaho ma ya bi, kuma a gaya wa na gaban ya daina taka sawun, ya bi gefe. Muka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wayar.

"Ƙasar da sawu ba shi ɓacewa," ya ce. "Na gode Allah ba can aka haife ni ba."

Da baƙo ya tafi na zauna kusa da shi, na ce yau sai ya faɗa mini. Ya faɗa. Sawun bai ɓace ba. Ya haye rafin, ya bi ta gefen rugar Arɗo Buba, Bafulatanin da muka yi shekaru muna sayen nono a hannun matansa, sannan ya wuce can cikin daji. Ɓarayin ratsawa kawai suka yi. Amma ya waiga ya ga idanun yaran da ke bayansa, ya san da zarar sun hangi bukkoki ba wanda zai tsaya ya ji cewa sawu ya wuce gaba. A rugar akwai mata da jarirai. Na ce to me ya hana shi faɗi daga baya, ya wanke sunansa? Ya ce in ya faɗi, gobe su koma ba tare da shi ba.

"Su yi ta dariya. Dariya ba ta ƙona bukka."

Ya sa na yi alkawarin shiru muddin mutanen rugar na nan. Sun tashi bara, shi ya rasu bana, da wancan sunan a kansa. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa har da samarin nan. Ban riƙe kowa ba, shi ma bai riƙe ba. So nake dai jikokinsa su san kakansu bai makance ba, bai kuma ji tsoro ba.

Abu ɗaya ya dame shi har kwanciyarsa ta ƙarshe: ya yi ƙarya, kuma maƙwabci ya rasa shanunsa. Ya aika aka nemar masa gafarar mutumin, bai faɗi ta mece ce ba.

Ya Allah, ƙaryar nan Ka fi ni sanin dalilinta. Ka yafe masa ita, Ka mayar wa mai shanu da mafi alheri, Ka haskaka kabarin Malam. In tawa ta zo, Ka sada ni da shi. Amin.