Misbahu, Mai Gangar Tsakiya

Daga Maitama Isiyaku Funtuwa, Largo, Maryland. Lahadi, 6 ga Agusta, 2017.

Ranar Alhamis, 13 ga Yuli, 2017, wadda ta yi daidai da 19 ga Shawwal, 1438, da ƙarfe uku da minti arba'in na yamma, ɗana Misbahu ya faɗi a filin wasan wata makarantar sakandare da ke yammacin Maryland, da ganga rataye a gabansa. An yi minti goma sha ɗaya ana danna masa ƙirji kafin motar asibiti ta iso. Likita ya rubuta lokacin cikawarsa ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu. Shekarunsa ashirin da ɗaya da wata huɗu. Ni a lokacin ina ofis a Southwest Washington, inda nake aikin ƙididdiga. Waya ta yi ƙara har sau biyu ban ɗauka ba, don ban san lambar ba. Na Allah ne mu, kuma gare Shi makoma take.

An yi jana'izarsa ranar Asabar bayan azahar, ba ranar Juma'a ba kamar yadda na so, domin hukuma ta ce sai an binciki gawa. Na yi jayayya a kan haka iyakar ƙarfina. Yau ina godiya ga Allah da ba a saurare ni ba. Abin da binciken ya nuna shi ne dalilin wannan rubutu, domin Misbahu ya bar ƙanwa, Radiyya, mai shekara goma sha shida, kuma tun da na ji sakamakon tsoro bai bar ni ba a kanta. Amma haƙƙin mamaci ne a fara da alherinsa.

Misbahu, ni mutumin da aka rena da alkunya ne, ban taɓa yabonka a gaban idonka ba. Bari in biya kaɗan yanzu, ko da yake ba ka ji.

Kana ɗan shekara goma sha ɗaya, a 2007, ka dawo daga makaranta da sanduna biyu da wani faifan roba, ka ce an sa ka cikin 'yan badujala. Raina bai so ba. A inda na tashi, kiɗa sana'ar gado ce ta wasu gidaje, kuma gidanmu ba ya cikinsu. Na ce maka ban ƙetare teku don in haifi maroƙi ba. Ba ka yi musu ba. Ka jira ranar Lahadi da muka kira gida, ka karɓi wayar ka kai ƙarata wurin kakarka da guntuwar Hausarka. Ina jin Hajiya tana dariya daga Funtuwa: "Ashe mijin nawa makaɗi ya zama? To, ni dai ba zan sake ka ba, amma ranar da ka zo sai ka yi mini kiɗan da ba a taɓa yi wa kowa ba. Ba ni ubanka." Da na karɓa, abu ɗaya ta tambaye ni: "Yana salla?" Na ce yana yi. Ta ce, "To me kake nema?"

Ga waɗanda ba su san wannan fage ba: a ƙasar nan akwai ƙungiyoyin matasa masu ganguna da ƙahoni da tutoci, kowace ta kai mutum ɗari da hamsin, waɗanda ke shafe bazara suna yawo a motocin safa daga jiha zuwa jiha suna gasa. Wasan gaba ɗaya bai fi minti goma sha biyu ba, amma a kansa ake yin atisaye na awa goma zuwa goma sha biyu a kowace rana, cikin zafin rana, a kwana a ƙasan ɗakunan wasanni na makarantu. Ba tafiyar fareti ba ce kawai. Gudu ake yi, gaba da baya da gefe, da ganga mai nauyi a ɗaure a kafaɗa, alƙalin gasa kuma yana kutsawa tsakanin masu kiɗa yana neman hannun da ya saɓa. Wanda ya kai shekara ashirin da biyu ya fita, ba ya sake shiga. Wannan bazarar ita ce ta ƙarshe gare ka.

Ban fahimci abin da kake yi ba sai a 2014, shekararka ta farko a irin wannan ƙungiya. Mun bi ku wata gasa a Pennsylvania. Kafin a shiga fili, masu ƙananan ganguna sun jeru a wurin ajiye motoci suna sassake hannu. Ka fito daga layi, ka kama hannuna a gaban abokanka, ka tsayar da ni daidai tsakiya. Ka ce, "Baba, rufe ido." Na rufe. Ka koma layi, aka yi wani kiɗa mai sauri kamar ana yayyafa tsakuwa a kan kwano, aka tsaya cak.

"Ganga nawa ka ji?"

Na ce, "Ɗaya."

Ka ce, "Mu tara ne. Shi ke nan aikin, Baba. Yanzu sai ka koma ofis ka lissafa."

Na koma na lissafa kuwa, na ga cewa tazarar da ke tsakanin hannu da hannu ba ta kai abin da kunne zai iya rabewa ba. Ban gaya maka ba.

A 2016 aka mai da kai tsakiyar layi. Malamarku, Olive, wadda ta koyar da kai shekara huɗu, ita ta bayyana mini ma'anar hakan ranar zaman makoki. A fili mai faɗi sauti yakan yi jinkiri, don haka mai ganga ba ya dogara da abin da yake ji daga nesa. Kowa na sauraron na kusa da shi ta ɓangaren tsakiya, har a kai ga mutum ɗaya, kuma kai ne mutumin. Ta ce ba don ka fi kowa saurin hannu aka zaɓe ka ba, akwai biyu da suka fi ka. An zaɓe ka ne don ba ka firgita. Ta ba ni labarin wata yarinya da aka yi niyyar cirewa daga layi saboda hannunta na hagu yana makara. Ka roƙa a ba ka sati biyu, kullum kana rage rabin lokacin cin abincinka kana tsayawa da ita, har aka bar ta. Yarinyar ta zo jana'iza da gyalen aro, ta tsaya can baya. Haka kuma direban motarku, wani dattijo, ya ce mini ya haddace lokutan sallarka, in kun tsaya shan mai ba ya tayar da mota sai ya ga ka naɗe dardumarka. Ya ce, "Ban taɓa jin ya roƙe ni in jira ba. Godiya kawai yake yi, sai na ji kunyar in ƙi."

Na tambayi Olive yadda abin ya faru. Ta ce, "Malam Maitama, ban ga faɗuwarsa ba, ji na yi. Ina kallon ƙafafun wasu ne, sai na ji ganga ɗaya ta zama takwas."

Yanzu ga abin da ya wajaba in faɗa.

Ranar Laraba da ta wuce, likitar da ta duba sakamakon binciken ta kira ni. Ta ce naman zuciyarka ya yi kauri fiye da ƙima, ciwo ne da kan ɓoye shekaru, ya bayyana lokacin da jiki ke tsananin aiki, kuma galibi gadonsa ake yi. Sai ta tambaye ni ko a danginmu an taɓa samun wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi. Na buɗe baki zan ce a'a, kamar yadda na saba, sai sunan Sabo ya faɗo mini.

Sabo yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A 1981, yana da shekara ashirin da uku, ya faɗi a filin ƙwallo bayan la'asar. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ina da shekara goma sha huɗu. Babu wanda ya tambayi me ya kashe shi, domin a wurinmu wannan tambaya rashin tawakkali ce, kusan rashin kunya. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Mahaifinmu bai sake ambaton ranar ba har ya rasu. Ni ma na ajiye Sabo a wurin da ake ajiye addu'a, ban taɓa kai shi wurin da ake ajiye tarihin lafiya ba.

Kowace shekara, kafin a bar ka ka ɗauki ganga, akwai fom na lafiya da ake cikewa. A ciki akwai tambaya a fili, ba ta da wata murɗiya: shin wani a dangi ya taɓa mutuwar fuju'a kafin ya kai shekara hamsin? Sau huɗu a sakandare ni na cike da hannuna. Da ka girma kana cikewa da kanka, ka taɓa ɗago kai daga teburin cin abinci ka ce, "Baba, wannan fa?" Na ce, "Sa a'a." Ban yi ƙarya da gangan ba, Allah shi ne shaida. A cikin kaina Sabo bai mutu da wani ciwo ba, ajali ne ya zo. Da na ce i, da an aika ka hoton zuciya, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Na san ajali ba ya jinkiri. Na kuma san an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma igiyar a hannuna take.

Akwai ma gargaɗi. A bazarar 2015 ka yanke jiki ka faɗi a wurin atisaye a Ohio, ka farfaɗo da kanka. Ka kira kana dariya: "Rana ce kawai, Baba. Ni ɗan Funtuwa, ranar Ohio ta kayar da ni, kada ka gaya wa Hajiya, za ta sake ni." Na ce ka riƙa shan ruwa. Iyakar abin da na ce ke nan, ni da nake da digiri uku.

Na gaya wa mahaifiyarka, Hannatu, shekaranjiya bayan sallar asuba, don ban yarda ta fara gani a rubuce ba. Ta saurare ni har ƙarshe tana riƙe da carbi. Na yi zaton kuka ko zargi, kuma da na karɓi kowanne. Sai ta ce, "Baban Radiyya, da ni ka ba wa takardar, ni ma a'a zan sa. Wa ya taɓa gaya mini yadda yayanka ya rasu? Shekara ashirin da uku ina gidanka." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka kira yayarka, Yaya Rumasa'u. 'Ya'yanta bakwai."

Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma sana'ata ce. Idan abin da ya ɗauki Sabo shi ya ɗauke ka, to ta jikina ya bi, kuma kowane ɗa nawa rabi da rabi ne. 'Ya'ya biyu Allah ya ba ni.

Radiyya tana kaɗa babbar ganga a makarantarsu, kai ka koya mata riƙon sanda. Tun bayan rasuwarka kullum da rana tana sauka ɗakin ƙasa tana bugun faifan robarka. Mahaifiyarta ba ta iya jure sautin, takan fita tsakar gida. Ni kuwa zama nake a kan matakala ina saurare, domin muddin ina ji, na san tana tsaye. Jiya sautin ya yanke a tsakiyar kiɗa. Ban san lokacin da na sauka ba. Na same ta da gorar ruwa a baki, tana kallona.

"Baba, lafiya? Ruwa fa kawai na sha."

Na ce lafiya, na zo neman wata takarda ne.

Ta ce, "Takardar da za ka nema tana kan firji, kwana goma ke nan. Ka sa mini hannu mana. Da Yaya yana nan da ya ce ka cika bincike."

Fom ɗinta ne na bana. Atisayensu zai fara ranar 14 ga wata. Na gaya mata za mu je ganin likita, ta ɗauka dubawar da aka saba ce. Ban gaya mata cewa mai yiwuwa a ce ta ajiye ganga har abada ba, alhali ita ce abin da ya rage mata na yayanta. Ban san da wane baki zan faɗa ba. Idan ta hau bene da gudu, ƙirga matakan nake yi. Idan ta makara fitowa da safe, nakan tsaya a ƙofar ɗakinta ina jiran motsi, sannan in koma kamar ban zo ba.

'Yan'uwana da ke nan da na gida, ina roƙonku abu ɗaya a madadin ta'aziyya. Ku tambayi manyanku yadda waɗanda suka tafi da ƙuruciya suka tafi: suna gudu ne, suna barci ne, suna ɗauke da kaya ne. Za a ce ba ku da kunya. Ku jure.

Ya Allah, ka gafarta wa Misbahu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya shi cikin matasan da suka tashi a kan bautarka. Ka haɗa shi da baffansa Sabo a gidan aminci. Ka yafe mini abin da na sani da wanda na ƙi sani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hannatu, wadda ta fi ni haƙuri. Ga Hajiya, wadda har yau ba ta ji kiɗan da aka yi mata alkawari ba. Ga Olive da mutum takwas da za su shiga gasar ƙarshe ranar Asabar da giɓi a tsakiyar layinsu. Da jama'armu ta Largo da Takoma Park da suka tsaya mana. Allah ya saka wa kowa da alheri. Ya Allah, ka bar mana Radiyya.

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe za a ɗauki hoton zuciyarta, nawa kuma da ƙarfe goma. Ban sa hannu a fom ɗinta ba. Ban gaya mata dalili ba. Kuma har yanzu ban kira Yaya Rumasa'u ba.