Dubai ɗin Alhaji Rabe

Ku ba ni amsa, ƴan Fesbuk: wace tafiya ce ake yi ba fasfo ba jirgi, matafiyin yana jin kiran sallar garinsu, amma ya dawo da tsarabar Dubai? Wanda ya kasa ya ba ni gari, amma ban da Dubai.

Kada ku ga na fara da wasa. Da safen nan ina tankaɗe a Tsibiri aka kira salulata aka ce Alhaji Rabe mai kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, ya faɗi a biro ɗinsa, wato ofis, na Sabon Gari, bai tashi ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zama bazawara da tsufana. Rabe jikan ƙawata ne, marigayiya Dije, don haka tun yana yawo ba wando nake ce masa maigida. Ya girma, ya yi motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano, ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito suna miƙe masa, amma in ya gan ni bakin hanya da kwandon zogale sai ya sa direba ya tsaya.

"Uwargida, hau in kai ki, kada kishiyoyinki su ce na wulaƙanta ki."

Da damina ta rushe mini katanga, ban gaya masa ba. Na tashi na tarar da magina a ƙofa.

To, na je gaisuwa gidansa na unguwar Zariya, na zauna, na buɗe kunne. Wannan ya ce hawan jini ne. Wancan ya ce jifa ce ta abokan gaba. Wata ma ta rantse iskoki ne, tunda an ga yana jijjiga kafin ya cika. Ajali dai na Allah ne, ban musa ba. Amma kowa ya kewaye kalma guda kamar mai kewaye rijiya.

Ƙwaya. Tramol. Na faɗa.

Lokacin da aka rufe iyaka, kayansa suka tsaya a hanya, Rabe ya daina barci. Wani ya miƙa masa guda don ya jure aiki. Guda ta haifi ƴan uwanta.

Bara aka ce ya tafi Dubai sarin kaya. Ni kuwa na je Jiratawa sarin zogale. Ina leƙa wani shinge sai ga mutumin Dubai da ƴar shara, yana ba tattasai ruwa da buta.

Na ce, "Maigida, ashe Dubai ta matso kusa haka?"

Ya saki butar, ya dube ni, sai ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Tsohuwar nan, ke ko kabari sai kin leƙa."

Nan ya zaunar da ni ya gaya mini. Gidan jinya ne na manyan mutane kaɗai, ba allo a ƙofa. Ɗan talaka in ya sha, mari ake sa masa a ƙafa, unguwa duk ta sani. Alhaji in ya sha, ɗaki da sanyi, da tebur na aiki, da salula bayan la'asar don kasuwa kada ta mutu. Ranar fita kuma a haɗa maka leda, dabino da turare da ƴan kunne na mata, don wa ya taɓa dawowa daga Dubai hannu sake?

Ni dai tun ranar raina bai kwanta ba. Wane irin asibiti ne mara lafiya ke ɗaga murya likita ya ce ranka ya daɗe?

Amma gaskiya na ga sauƙi a jikinsa. Idonsa ya washe. Ya cinye kwaɗon zogalen da na yi masa har ya lashe kwano. Ya ce, "Uwargida, na manta barci na da daɗi."

Ba a jima ba kamfen ya kama. Raɗe-raɗi ya tashi a kasuwa wai Rabe ya karye ya gudu. Abokan cinikinsa da mutanen jam'iyya suka ce dole a gan shi a rumfa, dole motocinsa su ɗauki jama'a zuwa taro. Su da suka san inda yake, su suka je suka ɗauko shi. Likita ya ce magani bai kai ba. Wa ya ji?

Ya kawo mini turarena har Tsibiri. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Yana miƙo kwalbar, hannunsa na kaɗawa.

Na ce, "Ka koma wa ƙwayar?"

Ya ce, "Bayan zaɓe zan koma Dubai, in sha Allah."

Yau waɗanda suka ɗauko shi su ne a sahun gaba, sun fi kowa tsawon carbi. Ban ce sun kashe shi ba. Na dai ji da kunnena ɗayansu yana cewa, ƙasa ba ta bushe a kabari ba, "Lawali zai riƙe biro bayan sadakar uku."

Lawali ƙanen Rabe ne. Ina kallonsa ya juya baya, ya sa hannu aljihu, ya kora da shayi. Na bi shi zaure.

"Ƙanen miji, mi ka haɗiya?"

"Maganin ciwon kai ne, Kaka."

"Haka yayanka ya ce mini. Yau ina kansa yake?"

Ya jingina da bango. Ya ce, "Ina son in shiga gidan jinyar nan. Amma in na ɓace za a ce mun karye, su zo su fiddo ni kamar shi."

Na ce, "To in gari duk ya san inda kake fa? Mi za su ce a zo a ƙaryata?"

Ya share ido da hularsa. Ya ce, "Rubuta, Kaka. Har sunana."

Shi ya sa kuka ga tsohuwa ta tona. Matan Rabe, in kun ji zafi ku yafe mini, ni ma mijina ne.

Allah ya jiƙan Rabe, ya yafe masa, ya ba shi barcin da duniya ta hana shi. Allah ya riƙa wa Lawali. Duk wanda ya karanta ya yi musu addu'a, ko da bai taɓa hawa motarsu ba.

Amsar kuwa: jinyar ƙwaya ce ta manyan mutane, a Jiratawa ake yin ta. Lawali zai shiga bayan sadakar uku, sai likita ya sallame shi zai fito, kuma ba zai kawo wa kowa tsaraba ba.