Tsohon da Ke Tsince wa Matarsa Kwarkwata

A ɗakin asibitin da nake jinyar ƙanwata, akwai wani tsoho da ke zuwa kullum da hantsi. Yatsunsa duk kaushi da tabo, ina jin kafinta ne. Matarsa na gadon kusa da mu. Shanyewar ɓarin jiki ta hana ta magana, ga kwarkwata ta cika mata kai.

Yakan ɗora kan nata a cinyarsa, ya tsaga gashin da tsinke, ya kamo ɗaya ya murƙushe da farce.

"Hajiya, baƙin naki sun kusa ƙarewa," yake ce mata.

Yau wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kansa. "Baba, in na ga ko ɗaya gobe, aski za mu yi mata."

"Ki yi haƙuri, 'yata. Da gashinta na auro ta, ki bar mata abinta."

Manyan kawai yake kashewa. Idonsa ba ya ganin ƙwan, ni kuwa daga nan ina hango su jere a bayan kunnenta. Ya shafa kan, ya yi hamdala, ya ɗaura mata ɗankwali a karkace. Allah Ya yafe mini, na kasa gaya masa.