Insaf, Bakin Babanta

Tun tana 'yar shekara shida Insaf take bakin babanta. Munji kurma ne tun haihuwa, manomin zaitun a bayan garin Jibinyana, kuma da matarsa ta rasu sai aikin ya faɗo kan yarinyar. Asibiti ita ce, kasuwa ita ce, gaisuwar mutuwa ma ita ce. Shi ya faɗa da hannu, ita ta mayar da baki. Har mutane suka daina cewa Munji ya ce, sai dai Insaf ta ce babanta ya ce.

Ta yi karatun harsuna a Safakis ta dawo gida. Yanzu ta doshi talatin, kullum tana ɗaki tana fassara takardun 'yan kasuwa daga Faransanci zuwa Larabci. Aikin yana rufa mata asiri, amma ta tsane shi, don takarda ba ta da fuska. Ana haka wata ƙungiyar kurame a Tunis ta neme ta: suna son tafintar da za ta riƙa tsaya wa kurame a kotu da asibiti, kuma ranar Litinin suke jiran amsa. Ranta yana son aikin nan kamar me. To amma in ta tafi, wa zai yi wa Baba magana? Ba ta gaya masa ba. Gwaggo Shadliya, yayarsa, kaɗai ta faɗa wa.

Ranar Asabar dangi suka fita gona kamar kowace kaka. Aka shimfiɗa raga a gindin itatuwa, aka kafa tsani, aka ɗora tukunyar kuskus. Munji har yau bai yarda da matsefin roba ba. Ƙahonin rago yake zura wa yatsunsa ya tsefe reshe, zaitun na zuba. In ya sa ƙahonin nan kuwa ya rufe baki ke nan, don yatsa ba ya magana a cikin ƙaho.

Insaf ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta hau tsani ta sauko, ta ɗauki buhu ta ajiye, ta duba waya.

"Ke, in ba za ki tsinta ba, daina tattake mana," in ji Gwaggo Shadliya. "Kin fi kaza mai neman wurin ƙwai yawo."

"Gwaggo, ba zan iya barin sa ba."

"Kin tambaye shi? Kurma ne fa, ba jariri ba."

Insaf ta bar wurin. Ta nufi can bayan shinge, ta yanke shawarar kiran Tunis ta ce ba za ta zo ba, kowa ya huta. Wayar tana ƙara ba a ɗauka ba, sai ta hango motar Lazhar mai injin matsar mai ta tsaya a bakin gona. Kowace shekara sai an yi rigima da shi kan layin matsa, domin zaitun in ya daɗe a buhu mansa lalacewa yake. Ta kwasa da gudu, ai wannan aikinta ne.

Dariya ta tarar. Munji ya tuɓe ƙahoni, ya tsaya gaban Lazhar yana nuna tumbinsa, yana kwaikwayon yadda yake minshari a jikin injin buhunan mutane na ruɓewa, har da toshe hanci. Maza suna riƙe ciki. Lazhar da kansa yana share hawaye.

"Wallahi tsohon nan ba shi da dama," ya ce. "Ku loda, yau ku ne na farko."

Haushi ya kama Insaf, haushin da ta rasa wanda za ta ɗora wa. Bara ma wannan maganar tumbin Baba ya yi, tana tsaye tsakaninsu. Ita kuwa ta ce, "Baba yana gaisuwa, yana neman alfarma." Lazhar ya ce Allah ya kai mu, buhunansu suka yi kwanaki a rana.

Da motar ta tashi Munji ya yafito ta, hannuwansa suka fara.

"Gwaggonki ta gaya min maganar Tunis."

Insaf ta juya ta harari tsohuwar.

"Me kike kallo na?" in ji Gwaggo. "Ni ma ina da hannu."

"Baba, wa zai kai ka wurin likita?" Insaf ta tambaya da hannu.

"Likita yana da ido." Ya ɗan dakata. "'Yata, ni mutum ne mai barkwanci. Tun da kika fara yi min magana ban ƙara ganin wanda ya yi dariya ba. Kin mai da ni liman."

Maganar ta yi mata zafi, ta kuma ba ta kunya, don gaskiya ce.

"Kare ka nake yi, Baba. Ba na son a raina ka."

"Na sani, Allah ya yi miki albarka. Waɗancan da ke gaban alƙali ba su da kowa, je ki tsaya musu. Amma abin da suka faɗa shi za ki faɗa. Kada ki wanke musu magana."

Ta ɗaga hannu, tana da hujja cike da ciki: sanyin da ke tafe, ciwon gwiwarsa, wa zai dafa. Munji ya sunkuya ya ɗauki ƙahoninsa, ya zura su ɗaya bayan ɗaya, ya juya mata baya ya hau tsani. Ta tsaya da hannuwa a sama tana ta zuba, ba mai gani. Zaitun ya ci gaba da zuba a kan raga.

Can ta sauke hannu, ta goge ido da bakin mayafi.

"Gwaggo, babban akwatin nan na Mama yana wurinki?"

"Tun jiya na kaɗe shi na shanya," in ji Gwaggo Shadliya. "Riƙe min bakin buhun nan."