Inna Maimunatu, Mai Sharar Da Ta Hana A Garƙame Makarantarmu

Kafin masu zuwa fadama su ɗora wa jakuna mangala, Inna Maimunatu ta riga ta isa ƙofar makaranta. Tsintsiyar kaba biyu a hammata, kwando a ka, makullai ɗaure a bakin zane. Takan fara da ajin ƙananan yara, domin a cewarta su ne ke kai komai baki. Daga nan ta bi sauran azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare da ban-ɗaki, wurin da kowa ke toshe hanci ya wuce. In mu malamai muka iso, sai mu tarar da ƙasa ta sha yayyafi, allo ya sha goge, ita kuwa tana gindin darbejiya tana gyaran bakin tsintsiya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Bakura da Talata Mafara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye. Babu gidan rediyon da zai ambace ta, shi ya sa na ce ni zan ambata, domin na koyar a makarantar nan shekara goma sha huɗu, kuma abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Shekarar korona aka rufe makarantu, muka zauna gida wata da watanni. Damina ta zo ta wuce, ta yaye rufin aji biyu. Awaki suka mayar da ajin 'yan firamare huɗu garke. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, ciyawa ta kai ƙugu. Da kaka ta yi, aka ce za a buɗe makarantu, amma da sharaɗi: sai an samu ruwan wanke hannu da sabulu, da takunkumin rufe baki da hanci ga kowane yaro, da tazara tsakanin masu zama. Wani jami'i ya zo duba mu da takardu a hannu. Ya leƙa aji ɗaya, ya tuƙa famfo sau uku bai ga ko ɗigo ba, ya girgiza kai.

Ya ce wa hedimastanmu, Malam Abdulrahman, "Malam, wannan wuri ba ya buɗuwa bana. Yaranku sai su riƙa zuwa Mafara, har a ga yadda hali ya yi."

Dukanmu mun san fassarar wannan magana. Babu uban da zai saki ɗiyarsa 'yar shekara bakwai ta taka wannan doguwar hanya kullum, hanyar da ko manya ba sa bi sai da addu'a. Yara ɗari biyu da wani abu za su zauna gida, kuma wanda ya zauna shekara guda da wuya ya dawo. Malam Abdulrahman mutumin kirki ne, amma ba mai jayayya da na sama ba ne. Ya sunkuyar da kai.

Sai muka ji murya daga bayanmu. "Ranka shi daɗe, in an samu abubuwan ga da ka hwaɗi, ana buɗewa?"

Jami'in ya waiga ya dube ta sama da ƙasa. Ya tambayi hedimasta, "Wannan kuma wace ce?"

"Mai shararmu ce."

"Awo, mai shara ce ni," in ji Inna. "Shi ya sa na san wurin ga ciki da bai. Ba mu kwana goma. In ka dawo ba ka ga ruwa da sabulu ba, ni da hannuna nika miƙa maka makulli."

Ya yi dariya, ya ce ya ba ta. Na tabbata bai yi zaton zai sake jin labarinmu ba.

Washegari Inna ta shiga gonakin da aka girbe, tana roƙon karan gero da na dawa. Ta tara tsibi a bayan makaranta ta banka masa wuta, ta kwashe tokar ta tace, ta dafa ruwan tokar da mai a babbar tukunya har ya kama. Sabulun salo ke nan, irin wanda ta koya wurin kakarta. Kwana uku tana kan murhu, hayaƙi ya mayar da idanunta jajur, amma ta fito da curi-curi cike da ƙwarya biyu. Ta samo tsofaffin jarkoki, ta huda su, ta rataye a jikin itace da igiya da sanda, yadda yaro zai taka sandar da ƙafa ruwa ya zubo ba tare da ya taɓa komai ba. Ta ce a asibitin Mafara ta taɓa ganin irinsa, ta riƙe a kai. Famfo kuwa, ta tafi har Bakura a ƙafa ta zauna a bakin shagon wani mai gyara, ta ce ba ta tashi sai ya biyo ta. Da ya ga tsohuwa ta shimfiɗa gyale ta yi sallar azahar a nan, ta kuma gyara zama, sai ya ɗauki kayan aikinsa ya goya ta a babur.

Batun takunkumi ya fi ba mu tsoro, domin yara sun yi yawa. Inna ta buɗe akwatinta ta fiddo zannuwa shida, har da wanda take ajiya don Sallah, ta kai wa Rukayya, telar unguwa. Rukayya ta riƙe zanen tana jujjuyawa, ta ce, "Haba Inna, wannan ma yankawa za a yi?" Inna ta ce, "Yanka, ɗiyata. Zane cikin akwati asu ka cin shi." Da matan gari suka ji, kunya ta kama su, kowace ta aiko da abin da ta samu. Kekunan ɗinki uku suka yi ta ruri har takunkumi ya isa ya yi saura.

Mu malamai ma sai muka ga zama bai kama mu ba. Muka ɗauki lauje da fartanya muka shiga ciyawa. Tun da aji biyu ba rufi, Inna ta ce a fitar da yaransu ƙarƙashin itatuwa, inda iska ke kaɗawa. Ta ɗebi farar toka ta zazzana da'ira a ƙasa, kowace da tazarar taku biyu daga 'yar'uwarta, kowane yaro da gidansa.

Sai dai ba kowa ke tafa mata ba. Garin ya rabu biyu. Wasu iyaye mata sun tsorata, sun ce ba za su kai 'ya'yansu ga ajali ba. Wasu kuma sun ce korona ƙaryar mutanen birni ce. Jagoransu Ɗanasabe ne, babban manomin rani, mai baki a majalisa. Wata rana ya tare Inna tana turo baro cike da jarkoki, ya ɗaga murya don jama'a su ji.

"Gwaggo, ke ma kin shiga kwangilar korona? Za ku ɗaure wa ɗiyanmu baki kamar jakunan sussuka?"

Inna ta ajiye baro. "Ɗanasabe, ka taɓa ganin sanƙarau da idonka?"

"Wa ka ganin ciwo da ido?"

"To, shi ya kashe mani ɗiya biyu shekarar da aka yi shi, ban gan shi ba sai aikinai. Ni ban san ko wagga cuta ta iso garinmu ba. In ƙarya ce, mi muka rasa? Hannu ya yi tsabta. In gaskiya ce, kai ka tsaya gaban uwar yaro ka yi mata bayani?"

Ɗanasabe ya ce shi dai ɗiyarsa Nazifa ba ta sa tsumma a baki, ya juya. Inna ta ɗauki baronta.

Iyaye mata kuwa, gida-gida ta bi su, domin ita babu zauren da ke tsayar da ita. Ba ta yi musu alkawarin cewa babu haɗari ba. Ta ce musu su zo su gani da idonsu. Suka zo, suka taka sanda ruwa ya zubo, suka sansana sabulu, suka ƙirga da'irori. Na ji tana ce wa wata, "Yaro na wanke hannu sau biyar don alwala. Uku kawai na ƙara mashi."

Rana ta goma jami'in ya dawo. Tun daga bakin ƙofa ta miƙa masa sabulu, ya wanke hannu yana murmushin da ba na raini ba. Ya zagaya, ya tuƙa famfo ruwa ya feso masa a takalmi, ya sa hannu a takarda. Aka raba mana yara kashi biyu, na safe da na yamma. Ma'anar haka ga Inna ita ce shara biyu, wankin ban-ɗaki biyu, cika jarkoki biyu, kullum. Ban taɓa jin ta ce wash ba.

Inna, ke ce kika nuna mana cewa hedimasta na da ofis, malamai na da alli, amma makaranta ta wanda ya ƙi barin ta ta mutu ce. Maimunatu, gagara gajiya. Da a nan labarinki ya tsaya, da ya isa. Amma babbar jarrabawar tana gaba.

Mako na uku da buɗewa, wata safiyar Litinin, Malam Abdulrahman ya iso a babur yana tari, idanunsa sun kaɗa, gumi na tsatsafo masa. Ya dawo daga ta'aziyya a birni kwana huɗu kafin nan. Inna tana bakin ƙofa kamar kullum tana duba yara. Ta dube shi sau ɗaya, ta jawo ƙyauren ta tsaya a gaba.

"Malam, ina kwana. Yau ba ka shiga."

Ya ce, "Inna, mura ce kawai. Matsa in wuce."

"Allah shi sa mura ce. Amma kai ka karanta muna doka, ka ce mai zazzaɓi da tari shi koma gida. Ba ka ce ban da hedimasta ba."

Ya sassauta murya, na matso na ji. "Inna, ki yi tunani. In aka ji hedimasta ya kamu, rufe mu za a yi. Duk wahalar da kika sha ta tashi banza. Bari in shige ofis in rufe ƙofa, ba wanda zai sani."

Wannan mutum shi ne shugabanta, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa raba ta da aiki. Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ana iya rufe mu. Amma ta ce, "Malam, ni na shiga ɗakunan matan garin ga na ce su ba ni ɗiyansu amana. In an ruhe mu don mun hwaɗi gaskiya, muna sake buɗewa. In yaro guda ya kai ciwo ga kakarshi don mun ɓoye, ko an bar ƙohwa buɗe ba mai sake shigowa. Tahi a gwada ka."

Yara sun yi cirko-cirko. Malam Abdulrahman ya dube ta. Sannan ya juya babur.

Gwaji ya nuna ya kamu. Aka killace shi, aka rufe mu mako biyu, aka bi yara da malamai ana dubawa. Kwanakin nan Inna ta sha magana, har da masu cewa ta tona wa makaranta asiri. Ta wanke kowane benci da ruwan zafi da sabulu, ta shanya a rana. Cikin ikon Allah ko yaro ɗaya bai kwanta ba. Ranar da aka sake buɗewa, layin wanke hannu ya fi na farko tsawo, domin iyayen da suka noƙe da fari sun ji cewa a makarantar nan har hedimasta ana mayarwa gida. A ƙarshen layi sai ga Ɗanasabe riƙe da hannun Nazifa. Bai ce ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce, "Gwaggo, akwai sauran tsumman nan?" Ta zaro ɗaya ta ɗaura wa yarinyar da kanta.

Malam Abdulrahman ya warke ya dawo. A gaban taron malamai ya miƙe ya ce, "Inna ta fi ni riƙon amanar kujerata." Har ya bar makarantar bai ƙara shiga ƙofa ba sai ya tsaya ya gaishe ta.

Inna Maimunatu, mun gode. Yaran da suka zauna cikin da'irorinki yau wasunsu na sakandare a Mafara da Maradun, kuma da yawansu ba su san saura ƙiris karatunsu ya yanke ba. Mu mun sani. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya jiƙan 'ya'yanki da suka riga mu, ya ba ki hutu mai lafiya.

Ku kuma da ke karanta wannan, annoba ba ta ƙare zuwa ba. In ba wannan ba, wata ce. Za a sake cewa ku zaɓa tsakanin lafiyar 'ya'yanku da karatunsu. Kada ku yarda da wannan zaɓi. Tsohuwa guda da tsintsiya ta riƙe duka biyun, ku da kuke da ilimi da muƙami ba ku da hanzari. Ku tashi ku gyara, ku faɗi gaskiya ko a kan na sama da ku ne, ku bar ƙofa a buɗe.

Jiya na same ta tana nuna wa matar da za ta gaje ta inda ake ajiye kaya. Na ce, "Inna, yanzu sai hutu ke nan." Ta harare ni.

"Hutu? Tsintsiya na aje, ban aje ido ba. Ƙohwar gidana na kallon ƙohwar makaranta. Ku yi sake ku gani."