Kan Jirgin Baya

Mahaifinmu ya yi aikin reluwe har ƙarfinsa ya ƙare, amma bai taɓa zama a gaban jirgi ba. Shi direban kan baya ne. Lokacin da ake lodin gyaɗa da shanu a tashar Kaura Namoda, taragai kan yi nauyin da kan jirgi ɗaya, wato injin da ke ja, ba zai haye tudu da su ba, sai a maƙala wani kan a can wutsiya ya riƙa turawa. Nan Baba ya yi rayuwarsa, yana shaƙar hayaƙin na gaba da warin kashin shanu. Muna yara abin na ba ni haushi ƙwarai. Duk wanda ke bakin layin dogo direban gaba yake ɗaga wa hannu, kafin uban namu ya iso kowa ya watse.

Shi kam ko a jikinsa. Yakan ce direban gaba bai isa ya motsa ba sai ya busa oda, shi kuma ya amsa daga baya. In bai amsa ba, ko Gwamna ne a cikin jirgin sai dai ya yi zaman jira, domin shirun na nufin wani abu ya lalace: ko tarago ya tsinke, ko birki ya riƙe, ko mutum ya shiga ƙarƙashi. Zamanin jirgin gawayi ke nan. Da na dizal suka zo aka ba su oba-oba ta yin magana da juna, ya ce bai taɓa sakin jiki da ita ba, ya fi yarda da odar da shi ya ja igiyarta da hannunsa.

Yanzu jirgi ya daina zuwa mana. Ciyawa ta cinye layin, awaki na kwana a kan dandamalin tasha, Baba kuma ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ni ce babba, ina koyarwa a firamare, kuma tun rasuwar mijina na dawo gidan nake kula da shi. Ƙanena da ke bi mini shi ne direba a gidanmu yanzu. Yana jan wata tsohuwar motar kaya mai tari kamar ta sha taba, yana kai gero da dawa kasuwar Shinkafi, wani lokaci Zurmi.

Tun da hanyoyin nan suka lalace da 'yan bindiga, direbobi suka daina fita ɗai-ɗai. Sai su taru a tasha su tafi a jere. Ƙanena kullum shi ne na ƙarshe, don shi ke ɗauke da sarƙar ja da akwatin sifana, wanda motarsa ta mutu shi ke tsayawa ya jawo shi. Na yi faɗa har na gaji. Na ce masa na ƙarshe ake tsinkewa, kowa ya san haka, ya bar wa marasa iyali wannan jarumtar. Sai ya yi dariya ya ce gado ya yi. Baba yana jin mu, na ga daɗin da ya ji, kuma na ji haushinsa shi ma.

Abu ɗaya ya kafa mana doka a kai. Duk ranar da ƙanena ya fita, in hantsi ya yi, sai na yi masa filashin da wayata, shi kuma ya maido. Ba magana ake yi ba, a daji sabis ɗin ma bai isa magana ba. Ƙara ce kawai ta shigo ta katse, Baba ya ce alhamdulillahi, ya miƙe ƙafa ya karɓi kunu. Kafin nan ko ruwa ba ya sha. Ga shi ƙanen nawa ba ya maidowa da wuri. Wayar tana can cikin aljihun 'yar ciki, hannuwansa biyu na kan sitiyari yana kauce wa ramuka, sai ya sami shimfiɗaɗɗen wuri sannan ya lalubo ta. Mu kuwa muna zaune muna kallon waya a kan tabarma, ina tsine wa nawarsa a zuci.

A irin zaman jiran nan ne wata rana na nuna wa Baba wani bidiyo da na gani, don in ɗauke masa hankali. Jirgin kaya ne na wata ƙasa, tsawonsa ya wuce misali, da kai a gaba, wani a tsakiya, wani a baya. Na kara masa wayar kusa da ido, na bayyana masa cewa na tsakiya da na baya babu kowa a cikinsu. Direban gaba ne ke sarrafa su ta iska, in ya ƙara wuta su ƙara, in ya taka birki su taka. Na ɗauka zai yi mamaki ya yaba. Ya daɗe yana kallon tagar kan bayan nan da ba mutum a ciki.

"To wa ka amsa mai?" ya tambaye ni.

Na ce injin ne ke amsawa da kansa, nan take, ba jira.

"Nan take," ya maimaita. Ya ture wayar, ya ce in kashe, abin ya yi masa kama da gawa tana tafiya. Na yi masa tsiya na ce kishi ne kawai, an sami wanda ya fi shi saurin amsawa. Bai yi dariya ba. Ni ma sai na ji na tsani bidiyon, na goge shi.

Ranar da abin ya faru damina ce, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum a kan babur. Tun farkon makon ake ta raɗe-raɗin an ga baƙin fuskoki wajen Jangeru. Matar ƙanena ta roƙe shi ya bari, ni na yi masa masifa, ya ce an riga an yi lodi kuma in bai je ba wa zai tsaya a baya. Ya durƙusa ya gai da Baba ya fita. Na ji tarin motarsa har ya sha kwanar tasha.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, na ajiye kunu, na danna lambarsa. Ta shiga, na katse. Ban ma ajiye wayar ba sai ga kiransa ya shigo. Wallahi daɗi na ji, har na buɗe baki zan ce yau malam ya yi abin kirki. Sai Baba ya riƙe mini hannu.

"Ya amsa da wuri," ya ce. "Wanga ba hannunai na ba."

Sannan na lura ƙarar ba ta katse ba. Ƙanena bai taɓa barin ta ta yi tsawo haka ba, yana tsoron in ɗauka in cinye masa kati. Matarsa ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu ta tsaya. Wayar na ta ruri a tafina, sunansa na haske a kai, na kasa dannawa. Baba ya ce in ɗauka, in sa yadda kowa zai ji.

Muryar wani ce, ta saurayi, a natse, har da sallama. Ya tambaya ko nan ne gidan mai motar. Baba ne ya ce nan ne, shi ne ubansa. Saurayin ya ce mu saurara, za a neme mu, kada mu kashe waya. Yana maganar, a bayansa ina jin injin motar nan yana ci a tsaye, yana tarinsa da na sani. Baba ya kara kunne sosai, ya manta da saurayin, yana sauraren injin. Babu mai taka totur, babu mai kashewa.

Da aka katse ya ɗago kai ya dube ni da idon da ba ya gani sosai.

"Ba kowa cikinta," ya ce.